Tambayi Likita: Gwajin Busa Iska Ga Masu Shan Sigari

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga gwajin nan da ake sa mutum ya busa iska cikin na'ura don a auna ƙarfin huhunsa, wanda a asibiti ake kira sifirometiri. Likitan ƙirji da ma'aikaciyar ɗakin gwajin numfashi da ke amsa mana tambayoyi daga Jos ne suka haɗu suka ba da amsoshin. Mun taƙaita wasu wasiƙun, mun kuma sakaya sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 46, direba ne ni, ina jigila tsakanin Jos da Bauchi. Na kai shekara 24 ina shan sigari, kamar kara 10 a rana. Ba abin da ke damuna sai tari da safe da ɗan kaki, musamman da hunturu. Bara an ɗauke ni hoton ƙirji aka ce ba komai. Yanzu wani yayana ya matsa mini sai na je gwajin busa iska. Tunda hoto ya nuna lafiya, mene ne amfaninsa? Daga wani mai karatu, Titin Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bi shawarar yayanka. Hoton ƙirji siffa yake nunawa: ko akwai tabo, ko ruwa, ko ƙari, ko zuciya ta faɗaɗa. Ba ya auna yadda iska take gudu a cikin hanyoyinta, kuma can ne hayaƙin sigari yake fara ɓarna. Mutum yana iya rasa kaso mai tsoka na ƙarfin numfashinsa, hotonsa kuwa yana fitowa fes.

Daga maƙogwaro hanyar iska tana rabuwa biyu, kowace ta sake rabuwa biyu, haka har kusan sau 23 kafin a isa ƙananan jakunkunan da jini yake karɓar iska daga cikinsu. Hanyoyin da faɗinsu bai kai milimita 2 ba su hayaƙi ya fi ci. Bangonsu yakan kumbura, majina ta cushe su, tabo ya ƙuntata su, wasu su shafe gaba ɗaya. Sai dai da yake dubbai ne, lalacewar wasu ba ta bayyana da wuri. Kamar tsohuwar unguwa ce mai lunguna da yawa: in an toshe lungu goma, jama'a sai su bi ta wasu, ba a ganin cunkoso a babban titi sai toshewar ta yi yawa. Ga shi kuma aikinka na zama ne, ba ka cika neman iyakar ƙarfin huhunka ba. Ranar da ka hau tudu ka ji haki, sai ka ɗora wa shekaru ko sanyin Jos.

Likita zai fara da lissafin sigarin da ka sha. Ana raba adadin karan da kake sha a rana da 20, wato yawan karan da ke cikin kwali ɗaya, sannan a ninka da shekarun da ka yi kana sha. Naka rabin kwali ne sau 24, ya ba da 12. Wanda ya haura shekara 40, lissafinsa ya kai 10, yana kuma da tari, ko kaki, ko haki, ko numfashi mai fito, ya cancanci gwajin nan ba tare da jinkiri ba. Ba mu ce duk wanda ba ya jin komai ya je ya shiga layi ba. Kwamitin rigakafin cututtuka na Amurka ya sake duba batun a 2022, bai ga hujjar auna manya marasa wata alama ba. Amma tarin safiya da kaki alama ce, ko da masu shan sigari sun ɗauke shi ba komai ba.

Abin da ake nema shi ne cutar ƙuntatar hanyoyin iska mai daɗewa, wadda likitoci ke rubutawa COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, a shekarar ita ce ta huɗu a jerin cututtukan da suka fi kisa. Ba a tabbatar da ita da hoto ko da sauraren ƙirji, sai da gwajin busawa. Kafin nan kuma, tunda tarinka ya wuce mako biyu, ka kai kakinka a auna tarin fuka. Kyauta ake yi a cibiyoyin tibi na gwamnati.

Tambaya: Likita barka da aiki. An ba maigidana ranar da zai je gwajin, duk hankalinsa ya tashi. Yaya ake yin sa, akwai allura ko zafi? Wane shiri zai yi? Daga wata uwargida, Gangare.

Amsa: Hajiya, ki kwantar masa da hankali, ba allura, ba ɗibar jini. Aiki ne na kusan minti 30 zuwa 45. Amma gwaji ne da ya dogara kacokan kan ƙoƙarin mai busawa da ƙwarewar mai aunawa, shi ya sa za mu tsaya a kansa sosai.

A ranar, kada ya sha sigari ko shisha aƙalla awa 1 kafin gwajin, kada ya yi aikin ƙarfi a cikin wannan awar, kada ya cika cikinsa da tuwo dab da tafiya. Ya sa kaya masu sakewa, ya sassauta bel ko tazuge. Goro ko cingam a fitar. Haƙoran roba in sun zauna daram a bar su, domin suna taimaka wa leɓe ya kama bakin na'urar. In yana amfani da inhela, wato maganin shaƙa na buɗe hanyoyin iska, ya tambayi likitan da ya tura shi ko ya dakatar. In gwajin na gano cuta ne, akan dakatar da mai saurin aiki irin su salbutamol awa 4 zuwa 6, masu dogon aiki kuma awa 24 zuwa 48 gwargwadon irinsu. Kada ya dakatar da kansa, kuma in numfashi ya sarƙe masa ya shaƙi maganinsa, ya faɗa in ya je.

Za a auna tsawonsa ba takalmi ba hula. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da tsawo da shekaru da jinsi na'urar take lissafa abin da ya kamata huhunsa ya bayar. In aka rubuta tsawon da ka, ko aka ƙiyasta shekaru, duk lissafin ya karkace. Sai ya zauna a kujera mai hannu, ƙafa a ƙasa, baya a miƙe, haɓa a ɗan ɗage. Za a matse masa hanci da wani ɗan maƙali. Ya sa bakin na'urar tsakanin haƙora, ya rufe leɓe ruf. Ya ja iska da sauri har ƙirji ya cika maƙil, sannan ba tare da tsayawa ba ya watso ta da iyakar ƙarfinsa, ya ci gaba da turawa har iskar ta ƙare, daga nan ya sake jan iska da ƙarfi ya cika. Mai lafiyayyen huhu yakan gama cikin 'yan daƙiƙu. Mai ƙuntatacciyar hanya yana iya kaiwa daƙiƙa 15 iska na tsiyayowa, nan ake tsayar da shi. Zai ji mai aunawa yana ɗaga murya yana cewa ƙara, ƙara, ƙara. Ba faɗa ba ne, aikin ne ya gaji haka.

Ana son busawa uku masu kyau, kuma biyun da suka fi girma kada tazararsu ta wuce mililita 150. Yawanci ba a wuce gwadawa 8, saboda gajiya tana ɓata sakamako. Daga nan a ba shi salbutamol shaƙa 4, wato maikirogiram 400, ta cikin wani ɗan bututun roba da ke taimaka wa magani ya isa huhu. Ya jira minti 15, a sake busawa uku.

Ga inda aka fi samun tangarɗa. Wanda bai cika ƙirji ba kafin ya busa, sakamakonsa zai yi kama da na mai ƙaramin huhu. Wanda ya fara a hankali kafin ya ƙara ƙarfi, ko ya yi tari a daƙiƙar farko, za a ga kamar hanyarsa ta ƙuntata alhali lafiya lau take. Wanda ya yanke busawa da wuri kuwa, shi ne ya fi ba mu tsoro, domin jimillar iskar za ta fito ƙasa da gaskiya, sakamako ya fito kamar na mai lafiya, cutar ta ɓuya, a sallame shi a ce ƙalau yake. Harshe yana iya toshe bakin na'ura, iska tana iya zurarewa ta gefen leɓe. Ita ma na'urar ana gwada ta kowace ranar aiki da wani babban sirinji mai lita 3, in ta kauce da fiye da kashi 3 cikin 100 ba a aiki da ita. A gari irin Jos da ke kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, ga sanyin safiya, dole na'urar ta san zafin ɗaki da nauyin iskar wurin, ko ta auna da kanta ko a shigar mata. Kowane mutum kuma da sabon bakin busawa mai tace iska. Maigida yana da haƙƙin ya ga an buɗe sabo a gabansa.

Ya sanar da su tun kafin a fara in ya yi bugun zuciya ko aikin ido a cikin makon da ya wuce, ko tiyatar ƙirji ko ciki ko kai a cikin mako 4, ko yana tarin jini, ko hawan jininsa bai daidaita ba, ko ana zargin tarin fuka. Busawar tana ɗaga matsin da ke cikin ƙirji da kai da ido, don haka akan ɗage. In ya yi mura mai tsanani ko ciwon ƙirji kwanan nan, ya bari ya warware tukuna. Ɗan jiri bayan busawa ba abin damuwa ba ne, dalilin zama a kujera ke nan. In kuma ranar ta faɗo cikin azumi, malamai sun yi saɓani kan shaƙar inhela, sai ya tambayi malaminsa ko ya nemi a canza masa rana.

Tambaya: Likita, na yi gwajin. A takardar, bayan shaƙa magani, an rubuta FEV1 2.10, FVC 3.40, sai 0.62, sai kuma 68%. Shekarata 52, tela ne ni. Asma ce ko mene ne? Daga wani mai karatu, Bukuru.

Amsa: Malam, FVC ita ce jimillar iskar da ka iya fitarwa da ƙarfi, lita 3.40. FEV1 ita ce wadda ta fita a daƙiƙar farko kaɗai, lita 2.10. In aka raba ta farkon daƙiƙa da jimilla, sai a sami 0.62. Ma'ana kashi 62 cikin 100 na iskarka ne suka fita a daƙiƙar farko. Mai lafiya a shekarunka yakan fitar da wajen kashi 75 zuwa 80. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, in bayan shaƙa magani lambar tana ƙasa da 0.70, akwai ƙuntatar da magani bai buɗe ba. Ita kuma 68% tana nufin FEV1 ɗinka kashi 68 ne na abin da ake sa ran samu daga namiji mai tsawonka da shekarunka. Daga 80 zuwa sama mataki na ɗaya ne, 50 zuwa 79 na biyu, 30 zuwa 49 na uku, ƙasa da 30 na huɗu. Kana na biyu, matsakaici.

Kada ka yanke wa kanka hukunci daga takarda ɗaya. In lambar ta faɗo tsakanin 0.60 da 0.80, ana so a maimaita gwajin a wata rana, domin tana ɗan motsawa. Ita kanta iyakar 0.70 ba ta dace da kowa ba: takan sa tsoho mai lafiya cikin marasa lafiya, ta kuma tsallake matashin da ya fara lalacewa, shi ya sa likitan ƙirji yake duba iyakar da ta dace da shekarun mutum.

Batun asma kuwa, ba ka aiko mana da lambobin kafin magani ba, kuma su ne mabuɗin. In FEV1 ta ƙaru da kashi 12 cikin 100 da kuma mililita 200 bayan magani, an daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin buɗewa ta gaske. In ta yi tsalle sosai har lambar ta koma daidai, asma ta fi kusa. Taka ba ta koma ba. Amma tsohuwar asma da ba a kula da ita ba, da tabon tarin fuka, duk suna iya ba da irin wannan sakamako. Ka kai wa likitan ƙirji takardar duka, har da zanen da ke jikinta, domin daga siffar zanen ake gane ko busawar ta yi kyau. A nan Jos akwai likitocin ƙirji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo.

Tambaya: Shekarata 27. Shisha nake sha da abokai da daddare, sigari kuma jefi-jefi. An auna ni wajen neman aiki aka ce huhuna daidai yake. Ke nan ba ta yi mini komai ba? Daga wani matashi, Rikkos.

Amsa: Ƙanena, wannan tambayar ta fi sauran damun mu, domin mutane da yawa suna ɗaukar sakamako mai kyau a matsayin lasisin ci gaba. Gwajin busawa ya fi hoto saurin gano ɓarna, amma shi ma ba ya ganin farkonta. Wani bincike da aka buga a 2018, inda aka ƙirga ƙananan hanyoyin iska a sassan huhun da aka cire wa mutane a tiyata, ya nuna cewa masu mataki na ɗaya, mafi sauƙi, sun riga sun rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙananan hanyoyin nan. Kafin lamba ta sauka ƙasa da 0.70, an daɗe ana ɓarna.

Akwai wata lamba a takardar, FEF25-75, wadda take auna gudun iska a tsakiyar busawa. Takan sauka da wuri, amma tana yawan canzawa daga busawa zuwa busawa, ba a gina hukunci a kanta ita kaɗai. Akwai gwajin da ke auna yadda iska take ratsawa zuwa jini, da wanda ke aika ƙananan girgizar iska cikin huhu kana numfashi a natse, da hoton siti sikan. Ba a ko'ina ake samun su ba, kuma ba wanda zai canza shawarar da za a ba ka, wato ka daina.

A shekara 27 huhunka yana kan ganiyarsa ne, yana da rarar da zai ɓoye asara. Shisha kuma ruwan da ke cikinta yana sanyaya hayaƙi ne, ba ya tace dafinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a zaman awa ɗaya mutum yana iya zuƙar hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 ko fiye, ga gubar garwashin gawayi a kai. Sannan gwajin busawa ba ya ganin sankarar huhu, ba ya ganin abin da taba take yi wa zuciya da jijiyoyin jini. Ka adana takardar nan. Amfaninta shi ne nan da wasu shekaru a sami abin kwatantawa.

Tambaya: A kyamis ɗin unguwarmu ana maƙala wa mutum wani abu a yatsa, nawa ya nuna 96. Bai wadatar ba? Daga wani mai shayi, Farar Gada.

Amsa: Bai wadatar ba, Malam. Abin yatsa yana auna yawan iskar da jini ya ɗauka, kuma wannan ba ya sauka sai cuta ta yi nisa. 96 lamba ce mai kyau, balle a kan tudun Jos, amma mai mataki na biyu ma yana iya nuna ta. Haka ɗan bututun roba mai ma'auni da masu asma ke busawa a gida: saurin farkon busawa kawai yake kamawa, yana da amfani wajen bibiyar asma, ba a tabbatar da COPD da shi.

Tambaya: Mahaifiyata ba ta taɓa shan taba ba, amma tana haki in ta ɗan yi tafiya. Shekara da shekaru tana tuyar ƙosai da itace, ta kuma taɓa yin tarin fuka an yi mata magani. Gwajin ya shafe ta? Daga wata 'yar'uwa, Unguwar Rogo.

Amsa: Ya shafe ta ƙwarai, 'yar'uwa, ki kai Mama. Hayaƙin itace da gawayi, musamman a rufaffen madafi ko ɗakin da aka sa kasko don ɗumi da hunturu, yana lalata hanyoyin iska kamar yadda sigari take yi. Tarin fuka kuma ko an warke yakan bar tabo. A wannan yanki namu sai a ƙara da masu haƙar kuza da masu fasa dutse, waɗanda ƙura take taurara musu huhu. Su nasu sakamakon yakan bambanta: jimillar iska ce take raguwa, lambar da ake samu in an raba FEV1 da FVC kuma ta tsaya daidai, sai an haɗa da hoto kafin a gane. Ga Mama, a fara da auna kaki don a tabbata tsohon ciwon bai dawo ba, a duba zuciya da yawan jini, domin su ma suna kawo haki. Ki raka ta ɗakin gwajin. Tsofaffi sun fi busawa da kyau in an nuna musu a aikace, aka kuma yi musu bayani da harshensu.

Tambaya: In an gano ɓarnar, tana gyaruwa? In ba ta gyaruwa, ai gara ban sani ba. Daga wani ma'aikaci, Tudun Wada.

Amsa: Yallaɓai, hanyar da ta shafe ba ta dawowa, ba za mu ɓoye maka ba. Abin da yake hannunka shi ne saurin asarar da ta rage. Daga wajen shekara 30 zuwa 35 kowa FEV1 ɗinsa tana raguwa da kamar mililita 20 zuwa 30 a shekara. Mai shan sigarin da jikinsa bai jure mata ba yana iya rasa ninkin haka ko fiye. Wasu masu bincike biyu, Fletcher da Peto, sun nuna wannan a 1977 bayan sun bi ma'aikata a Landan na shekara 8. Wani babban bincike a Amurka da Kanada da ya ƙunshi masu shan sigari 5,887 masu ƙaramar ƙuntata ya tabbatar: waɗanda suka daina, asararsu ta koma kusan rabin ta waɗanda suka ci gaba. Wanda ya daina yana da kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa zai iya tsufa yana zuwa kasuwa da wurin ibada da ƙafarsa. Wanda ya jira sai ta kai 35, ko wanka sai ya huta.

Sanin ma yana taimakawa. A Ingila, a wani bincike na 2008, an faɗa wa wasu masu shan sigari shekarun huhunsu, misali a ce wa ɗan shekara 45 huhunsa na ɗan 60 ne. Bayan shekara guda kashi 13.6 cikin 100 sun daina, a ɗaya rukunin da aka ba lambobi kawai kuwa kashi 6.4. Ka nemi a faɗa maka naka.

Rage kara daga 10 zuwa 3 bai isa ba, dainawa ake nufi. Ka sa rana, ka faɗa wa iyali, ka kauce wa majalisar da ake kunnawa na ɗan lokaci. Ƙwaɗayin ya fi tsanani a kwana ukun farko zuwa mako guda, yana sassautawa cikin mako 2 zuwa 4. Akwai cingam da filastar nikotin, da ƙwayoyin da likita yake rubutawa, kuma suna ƙara yiwuwar nasara. Tari yana iya ƙaruwa a makonnin farko saboda hanyoyin sun fara share majinar da ta taru, kada wannan ya mayar da kai. In likita ya rubuta inhela, ka sa a nuna maka yadda ake shaƙa a gabansa, domin da yawa a baki maganin yake tsayawa.

Wanda aka tabbatar masa da cutar ya maimaita gwajin duk shekara, in da hali a wuri ɗaya da na'ura ɗaya, ya riƙa zuwa da tsofaffin takardunsa. Amma jini a kaki, rama ba dalili, dashewar murya da ta wuce mako 3, kumburin ƙafa, ko haki a zaune, waɗannan ba sa jiran ranar gwaji, asibiti ake zuwa a ranar.